Gwaggo Ta Rasu a Hannun Masu Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya fi baƙin cikin yawa, Malam Abdussamadu na unguwar Gwadangaji a Birnin Kebbi, manomin shinkafa a fadamar Zauro, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kirki in akwai sauransu, rasuwar motarsa a-kori-kura, wadda babba da yaro suka sani da suna Gwaggo. Ta rasu a ƙofar gidansa, a gindin dogon yaro, tana zaune a kan duwatsu, bayan jinyar da ba ta isa ta kwantar da ko keke ba. Liman ya riga ya ja masa kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, kuma ya ji. Amma liman bai ce kada a faɗi waɗanda suka kashe ta ba.

Ba a san takamaiman shekarun marigayiya ba, domin da furfurarta ta shigo hannun Malam, bayan ta yi gidaje biyu ko uku. Shuɗiya ce a asali, sai dai rana da laka da fentin gyara sun mayar da ita wani launi da ba a sa masa suna ba tukuna. Yaran unguwa ne suka raɗa mata Gwaggo, saboda faɗin bayanta, da kuma yadda ba ta taɓa tashi ba tare da gyaran murya ba. Duk wanda ya taɓa wayar gari a Gwadangaji ya san muryarta: kyar-kyar-kyar, sai ta yi shiru kamar tana shawara, sai tari biyu, uhu-uhu, sannan ta kama, gur-gur-gur-gur, har ƙyauren gida yana rawa. Da wannan muryar matan layin suke sanin lokacin dama koko ya yi.

Mace ce mai haƙuri da juriya, mai cin kaɗan ta yi aiki da yawa. Ta shiga lakar Zauro inda sababbin motoci suke tsayawa daga bakin titi suna leƙe, ta fito da buhunan shinkafa har bayanta yana shafar ƙasa. Ta ɗauki albasa, ta ɗauki taki, ta ɗauki kwandunan kifi daga Argungu har ƙarnin ya zama turarenta na dindindin. Malam ba ya ɓoye aibinta: ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta, kuma in damina ta kankama, wanda ke ciki ba ya fin wanda ke waje bushewa. Amma ba ta taɓa kwana da shi a daji ba.

Abin da ya fi wannan, Gwaggo ta kowa ce. Mai naƙuda ita, kayan ɗakin amarya ita, makara ita, kuma ba a taɓa jin Malam ya ce a zuba mata ko cokali na mai ba. Riskuwa direba, maƙwabcinsa na hannun dama, a bayanta aka kai mahaifinsa makwancinsa. Aminullahi mai shago, na hannun hagu, a cikinta matarsa ta isa asibiti da kyar, yana gaba yana kuka yana cewa har ya mutu ba zai manta ba. Ana roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan sunaye biyu, domin za su dawo.

Ciwon ajali ya fara ne da abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana da rani, tana hawowa daga fadama da kaya, kulocinta ya ƙone. Aka turo ta gida. Sirajo bakanike, wanda ya san cikinta fiye da yadda ya san aljihunsa, ya duba ya ce ba komai ba ne, sabon kuloci kawai take so ta miƙe. To, lokacin Malam ya riga ya zuba duk abin hannunsa a iri da taki da man injin ban-ruwa. Sai ya lulluɓe ta da tamfol, ya shafa bonet ɗinta, ya yi mata alkawari da bakinsa cewa ana yanke shinkafa za ta tashi. Kowace safiya in zai fita, sai ya ɗan bubbuga tamfol ɗin, yadda ake gaida mara lafiya.

A nan masu duba mara lafiya suka fara zuwa. A wurinmu ba a hana maƙwabci aro, kowa ya san wannan. Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, ba a kuma bin sa a ce ya maido. Wanda ya ara yana yawo da kansa a sama, mai abu ne zai ji kunyar tambayar abinsa. Aminullahi ne ya buɗe ƙofa. Ya zo da sallamarsa da murmushinsa, ya ce, "Malam, aron batirin Gwaggo nika so, tunda zaune take. Zuwa jibi ina maido shi." Jibin nan har yau tana hanya. Bayan batir ya dawo ya ɗauki hon, wai nasa ya shaƙe.

Riskuwa ya fara da taya ɗaya, don kasuwar Jega kawai. Sai ta biyu, don ta farko kada ta yi maraici. Ranar da ya zo ɗaukar sauran, da duwatsunsa ya zo a baro, ya jera su da hannunsa ya ɗora ta a kai, har yana tambayar Malam ko ta zauna daidai. Malam ya ce ta zauna. Me zai ce? Daga nan unguwa ta gane an yi kamu. Madubin gefe ya tafi, lagireto ya tafi, fitila ta dama ta tafi, kujerar gaba ta bi su. Kowa ya zo da kalma ɗaya a bakinsa: tunda zaune take. Malam yana so a rubuta, a kuma karanta da ƙarfi, cewa wannan kalma ita ce ta kashe Gwaggo, ba kuloci ba. Mutum ya kwanta jinya, sai a zo a ari ƙafafunsa tunda kwance yake?

Duk da haka ya haɗiye. Ya gaya wa kansa cewa taya taya ce, batir batir ne, ranar da ya buƙata mutanen nan ba za su bari ya buɗe baki ba.

Ranar ta zo. Shinkafar rani ta nuna, aka yanke, aka sussuke, aka ɗura a buhuna a tsakiyar fadama, sai ga hadari ya fara haɗuwa tun kafin lokacinsa. Duk manomin Zauro ya san abin da ake nufi in ruwa ya riski buhu a fili. Malam ya cire kunya ya ajiye, ya je wajen Riskuwa. Riskuwa ya ce wayyo, da ya sani, ai ya riga ya karɓi lodin Kalgo, ya ja motarsa ya tafi a kan tayoyin Gwaggo guda huɗu. Ya je wajen Aminullahi, wanda yake da motar ɗauko kayan shago. Aminullahi ya ce lakar Zauro tana ɓata ƙasan mota. Haka Malam ya koma yana jigila da 'yan kabu-kabu da jakuna, buhu ɗaya, buhu biyu, har sama ta ɓalle. Abin da ya rage a fili ya sha ruwa ya ƙoshi, kafin mako ya zagayo ya tsiro a cikin buhunansa, kore shar.

A ranar ruwan, yana tsaye a bakin titi, rigarsa ta manne a jiki, laka har gwiwa, wata mota ta zo wucewa ta gaishe shi: paam-pa-raam. Hon ɗin Gwaggo ne, wanda ko a cikin dubu zai gane shi. Aminullahi ne a ciki, gilashi a rufe, yana ɗago masa hannu. Malam yana shaida wa jama'a cewa ya yafe abubuwa da yawa a rayuwarsa, amma wannan ɗaga hannun yana nan a ajiye.

Da abin da ya tsira ya sayi sabon kuloci, don alkawari alkawari ne. Ya kira Sirajo. Suka yaye tamfol, ƙura ta tashi, Sirajo ya ɗaga bonet da bismilla. Wata kaza ce ta ɗago kai ta dube su, tana kwance a kan ƙwai, daidai inda inji yake zama. Babu inji. Babu ko ɗigon baƙin mai. Da a kan tayoyinta take, da gabanta ya ɗaga ya tona asiri tuntuni, amma duwatsun Riskuwa sun riƙe ta daidai. Ashe watanni Malam yana gaida akurkin kaji kowace safiya. Sirajo ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Malam ya shiga gida yana huci, yana rantsuwar sai ya ga ɓarawon a gaban alƙali. Matarsa Laure tana tsince shinkafa, ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Wane ɓarawo, Malam? Ranad da mutanen Argungu sunka zo gaisuwa, nic ce maka injin Gwaggo suka so aro, nasu ya buga. Kak kau da kai, kat tashi kat tahi masallaci. To mi kaka so in ce musu? Nic ce ka yarda."

Dole a yi wa na nesa bayani. Mutanen Argungu a gidan Malam na nufin mutum biyu: 'yarsa ta fari da mijinta. Sunanta Zakiyya, sunansa Mujtaba, amma ba daga bakin Malam aka ji ba, don tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, kamar yadda ubansa bai taɓa kama nasa ba. Ba ya zama inda ake zancenta, ba ya haɗa ido da mijinta. In Mujtaba ya zo gaisuwa, daga bakin zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, Malam kuma ya amsa yana kallon bango. Ranar da Laure ta kawo maganar, kalmar Argungu kawai kunnensa ya ɗauka, ƙafafunsa suka yi abin da suka saba. Shi a wurinsa kunya ya yi. Su kuma suka ɗauka izini ya bayar irin na manya, wanda ba a furtawa. Suka zo da bakanikensu lokacin yana can Zauro yana kwana a gona, suka ɗauke zuciyar Gwaggo, suka mayar da tamfol yadda yake, har da ɗaure igiya.

Labari ya bazu, masu shawara suka taru, don shawara ita kaɗai ce ba a arowa a unguwar nan, kyauta ake ba da ita. Sirajo ya ce a kwance ta gunduwa-gunduwa a sayar: giyar motar tana da kyau, ƙofofi da gilashi da ƙarfen baya duk za su sami masu so. Laure ta ce a kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli su tafi da ita, ta gaji da ɓeraye, kuma tana son wurin don shanyar shinkafar da take turarawa. Riskuwa kuwa, Allah ya ba shi ƙarfin hali, ya zo da kansa ya ce zai saye ta ɗungurungum saboda zumunci. Ya zagaya ta sau biyu yana girgiza kai, ya ce, "Sai dai ka yi min sauƙi, Malam. Ka ga motar ga ko taya ba ta da." Waɗanda suke wurin sun ce Malam bai zage shi ba. Sun ce ya dai dube shi har Riskuwa ya tuna yana da uzuri a gida.

Malam ya ƙi duka ukun. Ya ce Gwaggo ba ta mutu ba, kwashe ta aka yi, kuma zai tattaro ta gaɓa-gaɓa, daga zuciya zai fara. Ya ce kunyar da ta ci masa mota da shinkafa ta ishe shi haka. Washegari da hantsi ya zura babbar sifana a aljihun riga, ya je tasha, ya shiga motar haya, mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar mutane kyauta, aka matse shi tsakanin mai kaji da wani mai barci a kafaɗarsa. Tun daga Birnin Kebbi har Argungu yana bitar abin da zai faɗa. Ya shirya zai kama sunan yaron a gabansa, ya dube shi ido cikin ido.

Bai kai ga karya kwanar layin ba ya ji ta. Kyar-kyar-kyar. Shiru. Uhu-uhu. Gur-gur-gur-gur. Ƙafafunsa suka tsaya da kansu. A ƙofar gidan wata tsohuwar mota ce fara, maƙare da kwandunan kifi, tana magana da muryar Gwaggo. Mujtaba ya hango shi, ya diro, ya watsar da takalmi, ya durƙusa a cikin ƙasa. Malam ya nemi kalmomin da ya jero a hanya, ya tarar wuyansa ya riga ya juya yana kallon bango.

Sai ga jikarsa Mubina ta fito a guje da kayan makaranta, ta riƙe masa riga. Ta ce, "Tsoho, taho ka gani, akuyar Inna ta dawo! Da an kai ta kasuwa, ita da gadon Inna, sa'ad da motarmu ta mutu. Yanzu duk sun dawo." Ta ja shi har bakin ƙofa. Ga akuya nan a ɗaure tana tuƙa. Daga bayan labule wata murya ta gaishe shi a hankali, muryar da bai taɓa amsa mata da suna ba. Babu wanda ya gaya masa gidan nan ya kai ga sayar da gado, don ba a kai wa uba irin wannan zance a kan 'yar fari. Shi ma bai taɓa tambaya ba.

Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya ci. Sifana tana aljihu tana danna masa cinya. Da zai tafi, Mujtaba ya sake durƙusawa, Malam ya tsaya ya fuskanci bango, ya gaya wa bangon: "Tana shan baƙin mai, a riƙa duba mata kowace sahiya. Kuma kada a taka ta da sanyi. A bari ta yi tarinta biyu tukun." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a Argungu. A hanyar dawowa, a cikin motar haya, yana kallon gonaki ta taga, ya tabbatar wa kansa abin da ya ƙi yarda da shi tun ranar da ya tarar da kaza a mazaunin inji: Gwaggo ba za ta sake tashi ba. Wannan lokacin ne iyalai suka ɗauka a matsayin lokacin da Gwaggo ta cika.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu a ƙarƙashin Riskuwa, suna zuwa Jega da Kalgo cikin ƙoshin lafiya. Ta bar batir da hon a wajen Aminullahi. Ta bar madubi a shagon mai aski, inda rabin mazan unguwa suke duba ƙeyarsu ba kunya, da kujerar gaba a teburin mai shayi, inda ake zama a kanta ana zancen yadda Malam ya bar motarsa ta lalace. Lagireto da fitila ba a san inda suka yi aure ba, ana cigiya. Ta bar kaza ɗaya da 'yan tsakinta, waɗanda su kaɗai ne suka zauna da ita har ƙarshe. Ta bar zuciya a Argungu tana ciyar da gida guda. Sannan ta bar Malam Abdussamadu, da sabon kuloci a cikin kwalinsa.

Game da gawa, Malam ya yanke hukunci, kuma ba ya neman ƙarin shawara. Ba za a kwance ta a sayar ba, don ya san masu sayen: su ne dai za su dawo da murmushinsu suna neman farashin 'yan'uwa, wasu ma su ce aro. Ba za a sayar da ita ɗungurungum ba, don ba zai rayu ya ga Riskuwa a bayan sitiyarinta ba. 'Yan gwangwan za a kai wa, su narkar da ita gaba ɗaya, yadda ko noti ɗaya ba zai sake shiga hannun ɗan unguwar nan ba. Laure ta sami wurin shanyarta, amma Malam yana so a sani ba don ɓeraye ya yarda ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, daga gindin dogon yaro zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan gari. Tunda ba a jan mota a kan duwatsu, ana sanar da Riskuwa ya maido da tayoyi huɗu kafin la'asar ɗin Juma'a, ya ɗaura su da hannun da ya kwance su, ya kwashe duwatsunsa. Kada ya sa rai za su dawo masa, an riga an yi wa masu yanka takalmin taya alkawarinsu. Aminullahi ya kawo batir da hon. Mai aski da mai shayi sun san kansu. Wanda ya ga Juma'a ta yi masa kusa, Malam zai taka ya same shi har inda yake, da sifanar da ta je Argungu ta dawo ba ta yi aiki ba. Da maƙwabci babu wannan kunyar, an gama ta.

Ba za a yi zaman makoki ba, ba za a dafa komai ba, kuma ba a ba da aron tabarma. Masu zuwa ta'aziyya su zo a ƙasa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidan za a ɗaga bonet ɗinta a duba.

Mota ɗaya ce aka keɓe. An aika wa mutanen Argungu ta bakin Laure, yadda aka saba, cewa su zo da farar motarsu da igiya mai ƙarfi, su kuma zo da mansu. Ita ce za ta ja gawa. Malam da kansa zai riƙe sitiyarin Gwaggo, ko an maido kujera ko ba a maido ba, in ta kama a kan buhun shinkafar da ta tsiro zai zauna. Ana tunatar da direban kada ya yi gaggawa, ya bari ta yi tarinta biyu kafin ya ja. Kuma ana roƙon jama'a, don Allah, kada kowa ya yi wa Malam magana a hanya. Yana so ya saurare ta har su isa.